Waziri Hambali da Makankarin Teku

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar tsakiyarsu, cewa an yi wani sarki a wani birni na bakin teku, sunansa Ƙasimu. Ya yi adalci a ƙuruciyarsa, amma da tsufa ya kama shi sai ya zamana ba abin da ya tsana kamar ganin tsoho mai ƙarfi. In aka ce masa wane ya kai casa'in yana zuwa gona da ƙafarsa, ranar ba ya cin tuwo. Har ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo masa mai rai da ya fi kowa daɗewa a duniya, ya kuma bayyana sirrin daɗewarsa, to ya roƙi abin da yake so.

Sarkin nan yana da waziri, ana ce masa Hambali. Ciwon hassadarsa ya fi na ubangidansa, sai dai shi ya iya ɓoyewa. Haƙoransa sun zube, gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya miƙewa sai an kama shi.

An ce wata rana jirgin wani falke mai suna Nayaya ya tsaya a gaɓa, bayan an daɗe da fid da rai da shi. Nayaya da Waziri sa'o'in juna ne, shekara ɗaya aka yi musu kaciya, a zaure ɗaya suka yi karatu. Da falke ya shigo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, sai ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba. Waziri ya dube shi, ga gemu baƙi wuluk, ga haƙora cike da baki. Ya yi murmushi ya ce, "Marhabin da ɗan'uwa," alhali bakinsa ɗaci yake yi.

Nayaya ya sa aka ajiye wani tulu da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sa hannu cikin ruwa da laka, ya fito da wata halitta mai ɓawo biyu, irin makankarin da ake tsinta a bakin kogi, sai dai wannan baƙi ne, mai kauri, ya cika tafin hannu. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, daga tekun arewa na ɗauko shi, inda ruwa yake daskarewa. Kowace shekara yana ƙara layi ɗaya a ɓawonsa. Da ɗumi ya ƙaru, da sanyi ya tsaya, wurin tsayawar ya bar alama. Mutanen can sun ce wannan ya girmi kakan kakan kakansu, kuma har yau namansa bai san tsufa ba."

Sarki ya karɓa yana juyawa. Ya ce, "Wannan abin da ba shi da ko ido, shi aka ba, ni aka hana?"

Da fada ta watse, Waziri ya tsaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dubi Nayaya, ka dube ni. Shekarunmu ɗaya. Me kake zato ya tsare masa gemu? Naman halittar nan yake ci. Ya kawo maka ɗaya don ya rufe maka ido, sauran suna ɓoye. Zai ga kabarina, ya ga naka, ya ga na ɗanka."

Maganar ta shiga Sarki. Kashegari aka kama Nayaya, aka ɗaure, aka farfasa jirginsa ana bincike, ba a sami komai ba sai gishiri da fatu. Sarki ya ce, "Za a tsaga makankarin nan a ƙirga layukansa a gabana, in ci namansa, sannan ka faɗi sirrin. In ka ɓoye, hauni mai sare kai yana tsaye."

Nayaya ya ce, "Allah ya ja zamaninka, layukan waje sun goge, sai an yanka ɓawon ta gindi za a gan su duka. Amma in aka yanka ya mutu. Ka bar shi, na roƙe ka." Waziri ya ce, "Ka ji ko? Tsoro yake a gano ƙaryarsa."

Aka kira maƙerin farfaru ya yanka da zarto, ya goge bakin yankan har ya yi sheƙi. Layukan farko masu faɗi ne, na baya kuwa sun matsu kamar zaren saƙa. Aka yi ta ƙirga har aka haura ɗari huɗu, wato tun kafin a aza ganuwar birnin makankarin yana raye. Sarki ya ɗauki naman ya tauna, ya ji kamar jiƙaƙƙiyar fata mai gishiri. Ya haɗiye da ƙyar, ya zauna yana jira. Bayansa bai daina ciwo ba.

Ya ce da fushi, "Faɗi sirrin!"

Nayaya ya ce, "Ranka ya daɗe, zan faɗa, amma ta hanyar labarin da wata tsohuwa mai gyaran komar kamun kifi ta ba ni a wani tsibiri na can.

"Ta ce an yi wani attajiri a tsibirinsu wanda ya yi hassadar makankarin nan har ya rame. Ya tara masunta ya tambaye su yadda yake rayuwa. Suka ce masa yana binne cikin laka a ƙarƙashin teku, cikin duhu da sanyi. Ba ya tafiya ko'ina. Abin da ruwa ya kawo masa kaɗan shi yake ci. Zuciyarsa tana bugawa a hankali, wani lokaci ma ya rufe ɓawonsa ya yi kwanaki ba numfashi, kamar ya mutu. Danginsa na ruwan ɗumi kuwa, masu saurin girma da yawan ci, ba sa daɗewa. Wutar jikinsa ce ba ta ci da ƙarfi, shi ya sa itacensa ba ya ƙarewa.

"Attajiri ya ce, 'In dai wannan ne, ni ma na iya.' Ya sa aka haƙa masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ya shiga ya kwanta, ya hana a kunna fitila, ya hana a gaya masa labarin murna ko na baƙin ciki, don kada zuciyarsa ta motsa. Loma biyu ake miƙa masa ta taga. Matarsa ta zo bakin taga ta yi kuka, bai amsa ba. Aka haifa masa jika, bai sani ba.

"Ya kuwa daɗe, har ya wuce ɗari. Ran da aka fito da shi, babu wanda ya san shi sai a labari. Mutane suka taru suka ce, 'Baba, ba mu labarin abin da ka gani a tsawon rayuwarka.' Sai ya ce, 'Akwai sanyi.' Bai ƙara ko kalma ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. Waziri kuwa ya kasa haƙuri, ya manta a fada yake, ya ce, "To kai fa? Gemunka fa? Haƙoranka fa?"

Nayaya ya juyo ya dube shi, ya kira shi da sunan ƙuruciya. Ya ce, "Hambali, jirgina ya karye a can, na yi shekaru cikin mutanen da ba su jin harshena. Ban sha zuma ba balle haƙori ya lalace. Ba ni da ɗa balle ya sa ni furfura. Da na sauka gaɓa ta ƙofar gidanka na bi. Na ga jikokinka sun cika zaure, wata 'yar ƙarama ta hau wuyanka tana ja maka rawani, kana yi mata faɗa. Na tsaya bayan bishiya ina kallo har ƙafata ta gaji. Wallahi ban taɓa jin ƙyashin mutum kamar yadda na ji naka ba."



Sarki da kansa ya sauko ya kwance igiyar. Ya ce, "Ka kawo abin da na nema, ka faɗi sirrinsa, ni kuwa na kashe shi a banza. Roƙi abin da kake so. Shi kuma wannan da ya sa na zalunce ka, hukuncinsa yana hannunka."

Nayaya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar shi a kan sarautarsa. Akwai kango jikin gidansa, a ba ni in gina, a kuma fasa ƙofa a katangar da ke tsakaninmu."

Haka aka yi. Sarki ya sa masa alkyabba, ya sanya shi cikin masu ba shi shawara. Jikokin Waziri suka mai da gidan Nayaya wurin wasansu, har Waziri ya fara gunaguni wai yara sun fi son wancan kakan. Kullum da la'asar tsofaffin biyu suna kan tabarma ɗaya suna musu.

Ba a yi shekaru da yawa ba Nayaya ya kwanta zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa. Aka kai Waziri maƙabarta a kan jaki. Da aka gama rufewa, mutane suka ja baya, ya tsaya dafe da sanda yana hawaye, ya ce, "Ko a nan ma sai da ka riga ni."

Masu ruwaya suka ce, Allah ya ba kowace halitta rabonta da farashinsa a haɗe, mai hassada kuwa rabon yake gani, ba ya tambayar abin da aka biya. Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan, Allah shi ne mafi sani.