Magajiya Ta Share Sawun Aljani

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun duwatsu na numfashi, an yi wani sarki a ƙasar Zangarma mai suna Barmo, mai faɗin mulki da ƙarancin zuciya. Can ƙarshen ƙasarsa, inda ko manzo ba ya zuwa sai dole, akwai ƙauyen Tsauni a gindin wani dutse, wanda wani ƙasurgumin aljani ya sauka a cikinsa ya hura wuta. Tun daga ranar toka ke zuba, ta rufe rana, ta binne gero, ta mai da ruwan rijiya kamar kunu.

A al'adar ƙasar kuwa ba a share sawun baƙo yana gida, domin kora ce. Sai sarki, don tsabar tsoro, ya sa aka yi shela cewa tokar nan sawun baƙo ce, duk wanda ya taɓa tsintsiya a bakin ransa. Kai, ka ji shugaba!

Magajiyar ƙauyen, wata bazawara mai suna Tambai, ta dubi azarar ɗakinta tana lanƙwashewa saboda nauyin toka, ga hadari ya haɗo. Ta san in ruwa ya jiƙa tokar, soraye za su rufta kan jama'a, har da mahaifiyarta da ba ta iya tashi. Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki tsintsiya, wani magini mai suna Gambo ya riƙe mata tsani, ta hau ta kama shara.

Nan take ƙasa ta girgiza, aljanin ya bayyana, kansa na taɓa gajimare.

Ya ce, "Ke bil'adama, kin san abin da hannunki ke aikatawa?"

Ta ce, "Sarai kuwa, ranka ya daɗe, korar ka nake yi. Uwata na ƙarƙashin soron nan. In za ka ƙone ni bismillah, amma sai na gama."

Aljani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Madalla! A ƙa'idarmu ba ma barin masauki sai an sallame mu. Ina ta zuba muku toka don ku gaji da ni, ku kuwa kuna ta yi mini sannu da zuwa!" Ya ɓace bat.

Kowa ya hau soronsa da tsintsiya, ruwa bai sauka ba sai da aka share tas. Kunya ta kama sarki, ya janye shelarsa, ya aiko da irin shuka. Da kaka aka ɗaura auren Tambai da Gambo, tsohuwa kuwa daga kan gadonta ta rangaɗa guɗa.