Rakiyar Baƙon Gamzaki

Ga wata nan tafe, ku gyara zama!

Shekarar da tafkin dawa ya ƙafe, sai ga wasu zagaye-zagaye reras a tsakiyarsa, kamar an kifa faifai an ɗauke. Giwa da Kura suka tsaya kallo, baki buɗe. Kurege kuwa kwanansa uku bai sa komai a ciki ba.

Ya matso yana kaɗa wutsiya. "Kayya, duk girmanku ba ku sani ba? Sawun mutanen tauraron Gamzaki ne. Duk dajin nan ni kaɗai ke jin yarensu. Sun ce a tara musu gyaɗa, in ba haka ba, ku da ruwa har abada."

Nan da nan aka tara. Gogan ya ci har ya kasa tashi.

Da gari ya waye, Kura ta ce ita fa sai ta ga baƙin da idonta.

"Abu mai sauƙi," in ji Kurege. "Zan turo muku babbansu. Jiya-jiyan nan na koya masa Hausa."

Ya lallaɓa ya yi birgima cikin toka, ya kifa ƙoƙo a ka, ya soke kara biyu a sama, ya fito yana magana ta hanci. Kura ta zube tana "Ranka ya daɗe!" Aka kawo zuma, ya lashe tas, ya ce zai koma gida.

Giwa ta ce, "Haba, baƙo guda ya tafi ba rakiya? A ce ba mu da tarbiyya?"

"Ku koma haka nan, na gode."

Ina! Yana taku, suna taku. A bakin tafki suka tsaya, suka ɗaga kai suna jiran ya tashi sama. Kurege ya shiga waige-waige yana neman hanyar gudu.

"Gamzaki da nisa, ranka ya daɗe," in ji Giwa. "Bari in rage maka hanya."

Ta naɗe shi da hanci, ta wulwula, ta cilla. Ya yi sama, ya yi sama, sai tim cikin ƙaya! Ƙoƙo ya fashe, wutsiya ta bayyana.

"La! Kurege ne!" Kura ta zabura.

Ya arce yana ɗingishi, yana zare ƙaya daga gindi, yana waiwaye. "Ku mutu da haushi! Na ci gyaɗa, na sha zuma, kuma a cikinku wa ya taɓa zuwa inda na je yanzu?"

Nan ta tsaya. Wanda ya yi gyangyaɗi, ya tambayi na kusa da shi.