Ranar da Kurege Ya So Ƙasa Ta Ci Sunansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Ƙasar nan da ke tsakanin Sahara da kurmi ta daɗe ba suna. Sai namun daji suka taru za su raɗa mata.

Kurege, ɗan kwaɗayin nan, ya zaci wanda ƙasa ta ci sunansa shi za a cika wa akushi. Sai ya bi gida gida yana raba goro. "Yaya Kura, ki ce Ƙasar Kurege. Malam Dila, ka ce Ƙasar Kurege."

Ranar suna kowa ya ce Ƙasar Kurege. Kurege ya yi ta rawa yana kaɗa wutsiya.

Sai Giwa ta ce, "Madalla. To, mai takwara shi ke ciyar da taro. Ina rumbun gyaɗarka?"

Rawa ta tsaya cak! Gyaɗar nan kuwa ita ce abincinsa har damina, ga Giwa ta riga ta wanke hannu.

Ya ruga wurin Raƙumi. "Baba Raƙumi, kai da ke yawo da fatake, me Larabawa ke kiran ƙasar nan?"

Raƙumi ya ce, "Faɗa sai da tukwici."

"Ka sa baki sau ɗaya a rumbuna."

"Sahil suke cewa, wasu su ce Sahel, wato gaɓar teku. Rairayi a wurinsu teku ne, inda ciyawa ta fara kuwa nan ne gaɓa."

Kurege ya dawo yana salati. "Jama'a, mun kusa yin abin kunya! Ashe tana da sunanta tuntuni, Sahel. Wa ya taɓa yi wa tsohuwa raɗin suna?"

Kura ta ce, "To wa zai ciyar da mu?"

"Takwararta mana, gaɓar teku. Ku miƙa kudu, ba ta da rowa."

Taro ya watse ana dariya, Giwa na tsaki. Kurege ya taho gida yana fito, ya tarar da wuyan Raƙumi cikin rumbu har kafaɗa.

"Baba! Baki ɗaya na ce!"

Daga can ciki Raƙumi ya ce, "Ai ban ɗago ba tukuna."

Ƙurunƙus kan kurege! Duk mai son sanin asalin suna, ya tambayi mai gajeren wuya.