Sifirin da Lwandile Ya Yanke

Nomonde ƙawata, matso kusa. Shekara biyu ke nan ina riƙe da wata magana a ciki, yau ke zan faɗa wa.

Kin san ɗana Lwandile. Ba ya sha, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jure a yi masa dariya. Da mijina Mzimasi ya rasu, shi ya gaji 'yar a-kori-kurar da marigayin ya yi shekara ashirin yana dakon kayan lambu da ita a nan Mdantsane. Ranar Lahadi samari kan taru a wurin wankin mota, motar kowa ta kwanta ƙasa kamar za ta lashi kwalta, tasa kaɗai ce a sama. Da kunnena na ji abin da suke ce masa, ina dawowa daga coci.

"Ga mai bene ya iso. Lwandile, da tsani kake hawa ko ɗaga ka ake yi?"

"Tsoho, nawa kabeji yau?"

Wata Asabar ya ɗaga gaban motar a tsakar gida, ya kwance tayoyi, ya zaro sifirin ɗin nan biyu masu murɗi da ke ɗauke da nauyin gaba. Ya kunna injin yankan ƙarfe. Bra Zola, tsohon bakaniken da muke katanga ɗaya da shi, ya leƙo.

"Ɗana, murɗi nawa za ka cire?"

"Biyu kawai, Bra Zola."

"Kawai. To ka ji. In ya gajarta ba ya cika mazauninsa. Kan kwalta nauyin inji zai danne shi, ba za ka ga komai ba. Ranar da ka loda baya, gaba ya ɗaga, ka hau gargada, zai yi tsalle ya bar wurinsa."

"Na kowa haka yake."

"Na kowa iyakarsa wurin wankin mota. Sayi gajere na ainihi, ko ka mayar da na ubanka."

Ina bakin ƙofa ina tsince wake. Na ji komai. Na ga tartsatsin wuta na tashi, na kuma ga fuskar Lwandile lokacin da ya sauke motar, gabanta ya sunkuya. Tun rasuwar ubansa ban ga ya yi murmushi irin wannan ba. Sai na yi shiru.

Bayan wata huɗu lokacin bikin buɗe dutsen tunawa da za a kafa a kan kabarin Mzimasi ya zo, can ƙauyensu bayan Tsomo. Dangi sun taho daga nesa, an yanka sa, fasto ya sa ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kalmomin da ke jikin dutsen ni na tsara su. Kin san ban taɓa zama a aji ba, da Littafi Mai Tsarki na koyi haɗa baƙi, don haka sati uku na yi a kan layi huɗu. Masu sassaƙa suka ce za su kai da motarsu. Lwandile ya ce a'a, dutsen ubansa motar ubansa zai hau.

Maza shida suka ɗora shi, an naɗe da barguna, an ɗaure. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga. Maganar Bra Zola ta faɗo mini a take. Na buɗe baki, sai na ga mutane tsaye, na ce kada in kunyata shi a gabansu. Na shiga na zauna.

Kan kwalta lafiya muka tafi. Da muka sauka hanyar tsakuwa sai na fara jin ƙwas, ƙwas, a ƙarƙashin ƙafata, duk sanda muka hau tudu.

"Lwandile, mene ne wannan?"

"Tsakuwa ce, Mama."

"Tsakuwa a gefe ɗaya kullum?"

Hannayensa sun damƙe sitiyari, gumi na bin wuyansa. Ya san abin da yake ji, ni ma na sani. Ya rage gudu, ya dubi agogo, ya sake takawa. Na fara addu'a a zuci, na kasa kai ƙarshen ko ɗaya.

A gangaren da ke sauka zuwa rafi akwai wani kwari da ruwan sama ya yanka. Gaban motar ya yi sama. Na ji ƙarar ƙarfe ya fita, gefena ya faɗi, taya ta cije jikin mota. Muka juya, muka zame, muka tsaya da hanci a cikin rami. Bayanmu wani abu ya daki ƙarfe sau ɗaya, da nauyi.

Ko ƙwarzane babu a jikinmu. Lwandile ya fita ya buɗe barguna. Dutsen ya rabe biyu, tsagar ta bi ta tsakiyar sunan ubansa. Can gefe cikin ciyawa ga sifirin a kwance, bakin yankan yana ƙyalli. Na ga ya sa ƙafa ya tura shi cikin rafi. A nan ma ban ce komai ba.

Tarakta ce ta kai dutsen. Wani magini ya haɗa shi da siminti, mutane na jira a rana har ƙarfe uku. Da aka yaye mayafi aka ce in karanta, na karanta, amma wajen sunan sai da na tsaya, don harafi biyu sun tafi.

Sai Baba Velile, wan mijina, ya miƙe. Ya zagi hanya, ya zagi waɗanda suka ƙi gyara ta. Sannan ya dafa kafaɗar Lwandile.

"Ku dubi yaron nan. Da wani ne a kan sitiyari, da yau kabari biyu za mu haƙa. Ƙanena ya bar namiji."

Mata suka rangaɗa guɗa. Lwandile ya buɗe baki zai yi magana, na ga gaskiyar ta taho masa har leɓe. Na kama wuyan hannunsa na matse. Ya rufe bakin.

Tun daga ranar, duk taron dangi sai an ba da labarin jarumtarsa, shi kuma sai ya tashi ya fita. Ya sa wa motar sabon sifirin da hannunsa. Amma bai sake taka ƙauyen ba, bai sake tsayawa gaban kabarin ubansa ba.

Darasin da na ɗauka ke nan, ƙawata. Wanda ya lalata abu mai kyau don tsoron dariyar mutane, ranar da zai fi bukatar abin ita ce ranar da zai ba shi kunya. In wanda ya san aiki ya gargaɗe ka, ka tsaya ka ji. Uwa kuma da ta ga kuskure ta yi shiru don tausayi, da hannunta a cikin ɓarnar. Shirun da na yi a tsakar gida ya fasa dutse, wanda na tilasta masa a bakin kabari ya raba shi da ubansa. Na roƙi Ubangiji gafara, ina kuma neman ƙarfin da zan sake masa hannu ya faɗa da bakinsa. Kafin wannan rana, don Allah kada kowa ya ji daga gare ki.