Mai Harhaɗa Motoci da Wakilin Gwamnati

A wani gari an yi wani mutum mai masana'antar harhaɗa motocin ɗaukar kaya, wadda ya gada daga mahaifinsa. Magidanta ɗari biyu ne suke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ana nan sai kasuwa ta juya masa baya. Motocin waje masu araha suka cika ƙasar, injinansa kuma suka tsufa. Motocin da aka soma haɗawa suka tsaya a filin bayan masana'anta, ba taya, ba inji, har kaji suna yin ƙwai a cikinsu.

Sai labari ya zo cewa gwamnati za ta tallafa wa masana'antun da suka durƙushe, za a kuma aiko wakili ya gani da idonsa. Maƙwabcinsa, wanda sana'arsu ɗaya, ciwonsu ɗaya, ya ba shi shawara ya shafe ginin da fenti, ya jera motoci masu kyau a ƙofa, ya kulle filin baya, gama ba mai zuba hatsi a buhu mai huji.

Mutumin ya sayo fentin. Amma Baba Irmiya, tsohon makanikin da ya yi aiki tun zamanin mahaifinsa, ya ja shi gefe ya ce, "Maigida, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da wakilin ya iso, mutumin ya ɗauki makulli, ya buɗe filin baya. Ya nuna masa tsatsa da ciyawa da matattun injina. Ya kuma faɗi nasa laifin, cewa shekara da shekaru ana ba shi shawara ya sabunta kayan aiki, girman kai ya hana shi ji. Wakilin ya rubuta abin da ya rubuta, ya tafi.

Mako uku mutumin ya yi abinci ba ya masa daɗi. Ya ɗauka ya kashe kansa da bakinsa, har ya soma tunanin kalmomin da zai sallami ma'aikata da su.

Wata safiya sai ga wakilin da manyan motoci ɗauke da sababbin injina, da gwanaye masu koya wa ma'aikata yadda ake sarrafa su. Ya ce, "Maƙwabcinka ya nuna mini komai lafiya, na rubuta ba ya bukatar taimako. Kai kuwa ka nuna mini inda ke ciwo, shi ya sa na san abin da zan kawo."

Mutumin ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya yi doguwar ajiyar zuciya, yana dariya hawaye na zuba. Ko mutum ɗaya bai rasa aikinsa ba.

Ga ma'anar wannan misali. Masana'antar ita ce rayuwarka, filin baya kuwa zuciyarka ce, inda zunubi da kasawa suke jibge. Da yawa cikinmu muna zuwa sujada ran Lahadi da sabon fenti, mu ce wa Ubangiji komai lafiya, mu koma gida hannu wofi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, Yesu bai zo neman gwanaye ba, karyayyu ya zo nema. Ya riga ya san abin da ka kulle. Ka faɗa masa da bakinka yau, ka ga irin jinƙan da zai sauke a ƙofarka.