Rawanin da Majalisa Ta Ƙi Warwarewa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta.

Sunan garin ya kuɓuce mini, jikokina, tsufa ke nan. Amma na riƙe al'adarsu. Duk kaka, Hakimi zai zo gaban majalisar dattawa a gindin tsamiya, ya zauna a ƙasa. Sai su warware masa rawani da hannunsu, su ga kan da ke mulkinsu, su tambaye shi abin da ya yi da gari.

Wata shekara Hakimi Tanimu ya dawo daga farauta, rawani har hanci. Ya ce, "Mura nake, a bar rawanin bana." Ya aika wa kowane dattijo rago. Sai suka ce, "Allah ya ba ka lafiya, ranka ya daɗe." Sai awaki suka fara ɓacewa.

Shekara ta zagayo, ya ce ciwon kunne. Ya aika shanu. Sai masu zuwa itace suka daina dawowa.

A ta uku, jikar Iya Tabawa ta je rafi, shiru. Iya Tabawa kuwa ita ce mace ɗaya a majalisa. Ta ce, "Bana sai mun ga kai."

Shugaban majalisa, Malam Barau, ya ce, "Haba Iya, mutumin da muka ci naman sa?"

Ta ce, "Ka ci nama, Malam, ka tambayi abin da shi yake ci?"

Hakimi ya zo da rana tsaka, ya zauna. Tsuntsayen tsamiya suka yi tsit. Iya ta kama bakin rawani tana ja. Sai ya ce a hankali, "Iya, akwai raƙumi a gida." Ta ci gaba da ja. Sai ga kunnuwa. Sai ga baki mai jini.

Kura ce.

Kurar ta dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Da kun duba shekarar farko, da Tanimu kaɗai na ci." Ta yi dariya, ta shige daji.

Majalisar da ta karɓi rago ta bar rawani, ita ta buɗe wa kura ƙofa.

Kurunkus.

Na daɗe ina mamakin yadda ba a tsinci ko ƙashin yarinyar ba. Daga baya na tambayi maharba, suka tabbatar mini kura har ƙashi take taunewa.