Mai Man Gyaɗa da Shagon Aro

Akwai wata mace a wani ƙaramin gari wadda mijinta ɗan acaɓa ne. Wata rana ya faɗi da babur, ƙafarsa ta karye, ya kwanta jinya. Abincin gida ya soma ja da baya, yara kuwa ba su san babu ba.

Matar nan ta iya matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta koya a hannun mahaifiyarta, amma ba ta da halin kama shago a kasuwa. Sai ta sayar da akuyarta guda, ta sayo gyaɗa, ta wanke tsofaffin kwalabe ta shanya. Ta jera kayanta a kan wani ɗan tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da dutse a tsakar gida, ta ɗauki hotonsu da tsohuwar wayar mijinta, ta sa a intanet tare da lambarta. Shagon ke nan gaba ɗaya.

Ciniki ya riƙa zuwa jefi-jefi. Yau kwalba ɗaya, gobe shiru. Tana duba hotunan waɗansu masu sayarwa, da kantoci masu fitilu da kwalabe masu tambari, sai nata ya zama abin kunya a idonta.

Ana nan, sai wata dattijuwa mai gidan abinci a birni ta kira ta. Ta ce tana neman wadda za ta riƙa kawo mata mai kowane mako, amma ba ta ƙulla ciniki sai ta ga shago da idonta, don haka tana nan tafe ranar kasuwa. Matar ta amsa da ladabi. Ta ajiye wayar. Ta dubi teburinta, ta dubi katangar da damina ta zaizaye, ta ce a ranta wannan baƙuwa tana leƙowa za ta juya.

Yayar mijinta ta ji labari, ta zo da shawara. Ta ce akwai mai tireda a bakin titi wanda zai ba da aron shagonsa na yini ɗaya.

"Ki jera kwalabenki a can, ki ce naki ne," in ji ta. "Wa zai tona? Ki dubi ƙanena a kwance."

Maganar ta shige ta, gama ita ma tana dubansa kullum. Da ranar ta zo, ta zuba kwalabe a daro, ta ɗora a ka, ta nufi titi. Amma da ta hango shagon, sai ta tsaya. Ta tuna cewa in ta yi ƙaryar nan yau, sai ta sake yin ta duk ranar da baƙuwar ta dawo. Ta daɗe a tsaye, sa'an nan ta juya gida. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta yi addu'a gajeriya, ta zauna jira.

Dattijuwar ta iso, suka gaisa. Ba ta ce kome a kan katanga ko tebur ba. Ta buɗe kwalba ta sansana. Ta ɗaga murfin tukunya, ta shafa turmi da yatsa, ta duba inda ake shanya gyaɗa. Ta gutsuri ƙuli-ƙuli tana taunawa a hankali, ita kuwa matar ta sunkuyar da kai tana jiran a yi mata sallama.

Can sai dattijuwar ta ce, "'Yata, an sha nuna mini kanti mai kyau a waya, a aiko mini da mai gauraye. Abin da na gani a hotonki, shi na tarar. Har teburin nan mai dutse a ƙarƙashin ƙafa. Ki soma kawo mini daga wannan mako."

Dariya ta kuɓuce wa matar, hawaye na biye. Daga cikin ɗaki mijinta ya ɗaga murya yana tambaya ko lafiya, ta ce masa lafiya lau, sai alheri.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ɗan teburin nan shi ne abin da Allah ya sa a hannunka yau, kome ƙanƙantarsa. Shagon aro shi ne fuskar da muke sawa don mutane su ɗauke mu da girma, ko a waya, ko a kasuwa, ko a cikin ikkilisiya. Mai aron fuska ba ya hutawa, kullum yana tsoron ranar da za a leƙo. Ubangiji kuwa ya riga ya san tsakar gidanka, bai kuma raina ta ba. In za ka fara sana'a, fara da abin da kake da shi, ka nuna shi yadda yake. Ba kowace baƙuwa ce za ta saya ba, amma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarka, za ka buɗe masa ba tare da faɗuwar gaba ba.